Wa Ya Shafa wa Nilu Ja?

Berut, 9 ga Janairu, 2003

Zuwa ga Goggo Ni'imat, Rod al-Farag, Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwiwar nan taki da Mama ta ce ta hana ki hawa bene. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ruwan saman Berut ya haɗa ni da ita. Shekarata uku a garin nan, har yau ban ci waken ful mai daɗin na bakin layinku ba.

Na san za ki ce Wagdi ba ya tuna mutum sai da bukata. Gaskiyarki, yau ma da ita na zo. Kamfanin da nake wa aiki ya yarda zai sake buga labaran zanen Kakana Adli, wato Rayyis Gaber matuƙin jirgin ruwa da akuyarsa, duk waɗanda suka fito a mujallar Fanus daga 1957 zuwa 1966, a littafi ɗaya mai kauri. Mama ta ce akwatin zanensa na asali yana ƙarƙashin gadonki tun rasuwarsa, tunda ke ƙanwarsa ce, a gidansa kika yi 'yan matanci, kuma duk dangi ke kaɗai ce ba kya zubar da takarda. Abokina Hamdi zai taho Berut bayan Babbar Sallah. Don Allah ki ba shi akwatin.

Ga inda daɗin yake. Ni zan sake wa littafin launi gaba ɗaya da kwamfuta, kuma sunana zai zauna a bango ƙarƙashin na Kaka. Goggo, zanen Kaka zinariya ne, amma wanda ya yi masa launi ya cuce shi. Na jera tsofaffin mujallun na duba. Rabin labarin a kan Nilu yake gudana, amma kogin ya ƙi zama da launi ɗaya. A wata fitowar kore ne, a wata ruwan toka, sai kwatsam ya koma ja kamar miyar tumatir, ya yi makonni a haka, sannan ya dushe. Mai kamfanin, Madam Salwa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ko dai akuyar aka ba burushi. Ni na mayar da kogin shuɗi tas daga farko har ƙarshe, yadda kogi yake. Yaran yanzu sun saba da hasken talabijin, ba za su ɗauki littafi mai launin tsohon zani ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Mujallar ba ta taɓa rubuta sunan mai launin ba. Ina so in ambace shi a gabatarwa, don mutane su san laifin ba na Kaka ba ne. Kin san ko wane ne?

Ki gaida Yaya Mamduh da iyalinsa.

Ɗanki,
Wagdi

Rod al-Farag, 28 ga Janairu, 2003

Ɗana Wagdi,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, na ji daɗin ganin rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Murar kuma ka dafa citta da lemon tsami, ka daina yawo ba rigar sanyi. Ka yi haƙuri da tabon da ke gefen takardar, shayi ne ya zube, kuma ba zan sake rubutu daga farko don kai ba.

Akwati zan ba Hamdi. Kayan kakanka ne, ba ni da ikon hana ka. Amma tunda ka faɗi naka, bari in faɗi nawa. Ni da za a ji shawarata, da an bar littafin yadda yake. In ka ga hoton auren uwarka, za ka canja mata riga don yayinta ya wuce? Waɗanda suka karanta Rayyis Gaber suna yara, yanzu furfura ce a kansu, kuma su ne za su fara zuwa neman littafin. Abin da suka sani za su nema. In sun buɗe suka tarar da baƙon kogi, za su ce an sauya musu yarinta ba a tambaye su ba. Yaran talabijin ɗin naka kuma ba jahilai ba ne, in abu ya yi kyau suna gani.

A wace shekara aka haife ka ma? Na manta.

Game da mai launin, ni yarinya ce a lokacin, me na sani? Abin da zan iya ce maka shi ne, duk shafin da aka yi wa launi, ta hannun Usta Hinnawi, shugaban masu inji, yake shiga maɗaba'a. Shi ya san komai, shi kuwa ƙasa ta rufe masa ido shekara ashirin ke nan. Ka bar wannan tone-tonen, ka yi aikinka.

Mamduh yana gaishe ka. Ya ce in tambaye ka yaushe za ka yi aure, na ce sai kwamfuta ta haifi 'ya.

Goggonka,
Ni'imat

Berut, 24 ga Fabrairu, 2003

Goggo Ni'imat,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Mura ta tafi, cittarki ta yi aiki. Hamdi ya iso da akwati, yana ta mita wai ya kusa karya masa baya.

A 1970 aka haife ni, ke ce ma kika dafa abincin sunan, in ji Mama.

Wato Usta Hinnawi ne! Na sha jinin jikina tun farko cewa aikin mai inji ne, ba na mai zane ba. Mutumin da ya saba da man inji aka miƙa masa burushi, ai dole kogi ya zama miya. Na gode, kin warware mini abin da ya dame ni wata shida.

Na tarar da zanen tawada na Kaka lafiya lau, tare da takardun launi na Hinnawin. Gaskiya hannunsa ba ya rawa, layinsa tsaf, ido ne dai babu. Har da wata tsohuwar kwalbar zuma a ƙasan akwatin, da busasshiyar laka a cikinta. Ban san yadda ta shiga ba. Na wanke ta fes, na zuba alƙalumana a ciki.

Maganar hoton Mama ta ba ni dariya, amma ba ɗaya ba ne. Rigar Mama ita ta zaɓa. Wannan launin kuwa ba Kaka ya zaɓa ba, tsiyar maɗaba'ar wancan zamani ce ta ɗora masa. In kin ga sabon, ke da kanki za ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Wagdi

Berut, 17 ga Afrilu, 2003

Goggo,

Lafiya kuwa? Wata biyu ke nan ban ga amsarki ba. Na buga waya sau biyu, matar Yaya Mamduh ta ce kina barci, da ƙarfe sha ɗaya na safe, ke da ba kya komawa bayan asuba. Mama ta ce ƙalau kike, har kasuwa kina zuwa. In maganar hoton ce ta ɓata miki rai, tuba nake.

Ga abin da zai faranta miki. Wani ɗan jarida daga Alƙahira ya yi hira da ni, za ta fito a shafin adabi ranar Juma'a mai zuwa. Na sa miki kwafin da ya aiko mini. Duba inda na ja layi: "Ustaz Adli ya zana Nilu da hannun gwani, sai wani ma'aikacin maɗaba'a, Usta Hinnawi, wanda da alama bai iya bambanta kogi da miya ba, ya ɓata shi shekara tara." Madam Salwa ta ce jimlar ta yi daɗi, a sa ta a gabatarwa yadda take. Ban ambaci sunanki ba, na ce wata majiya ce daga cikin dangi.

Littafi zai shiga inji ranar 20 ga Yuni. Kwafin farko naki ne.

Don Allah ki rubuto ko layi biyu ne.

Wagdi

Rod al-Farag, 30 ga Afrilu, 2003

Wagdi,

Jikina lafiya. Abin da ke damuna ba na asibiti ba ne. Ka zauna kafin ka karanta.

Shekaranjiya ranar Shamm an-Nasim ce, bikin shigowar bazara, gidan ya cika da jikoki da warin kifin gishiri da albasa. Ana cikin ci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kausar ce, 'yar Usta Hinnawi. Ba ka san ta ba, layi biyu ne tsakaninmu, mijinta ke da rumfar jarida a bakin tashar mota. Ka ga kuwa babu jaridar da za ta wuce gidansu. Na ce ta shigo ta ci, ta ce ta ƙoshi. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaridar a naɗe a hannu.

Ta ce, "Hajiya Ni'imat, wace ce majiya daga cikin dangi?"

Na ce, "Kausar, shigo mu yi magana a ciki."

Ta ce, "A ciki? Ai a cikin jarida aka yi ta. Jikana ya dawo daga aski yana tambayata wai da gaske kakan nan namu makaho ne. Ubana bai taɓa riƙe burushi ba, kin sani, na sani. Shekara da shekaru yana riƙe miki sirri har ya shiga kabari da shi. Ke wata uku ma kin kasa riƙe masa suna."

Ta ajiye jaridar a kan takalman yara ta juya. Mamduh ya fito da kifi a hannu yana cewa, "Mama, wane sirri?" Na ce ya koma ya ci abincinsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Ni ce, Wagdi. Ni ce akuyar da aka ba burushi.

Ina da shekara sha takwas Yaya Adli ya ga ina shafa launi a bayan kalanda. Mai yi wa mujallar launi ya gudu, fitowar mako tana jira. Ya ce in gwada shafi ɗaya. Daga shafi ɗaya aka yi shekara tara. Mahaifina ba zai taɓa yarda 'yarsa ta shiga maɗaba'a cikin maza ba, sai muka ce masa ɗinki nake koyo a unguwar Bulak. Yaya Adli ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba, don in ta fito shi za a fara zagi. Mahaifina ya rasu yana jiran rigar da zan ɗinka masa. Mijina, Allah Ya ji ƙansa, ya zauna da ni shekara talatin yana mamakin matar da ta koyi ɗinki shekara tara ba ta iya sa maɓalli ba. Ƙarya in ta daɗe, sai faɗin gaskiya ya zama shi ne abin kunyar.

Usta Hinnawi ne ya ware mini ɗan ɗaki a bayan inji, ya rataya labule, ya ce duk wanda ya leƙa sai ya ci ƙaniyarsa. In wani ya tambayi mai launin, sai ya ce, "Aljani ne, kana son ganinsa?"

Yanzu maganar miyarka. Na tambayi shekarar haihuwarka ne don in tabbatar, kuma na tabbatar. Kai ba ka taɓa ganin Nilu ba, ɗana. Abin da ka gani ruwa ne da aka tsare a bayan madatsa ake sako muku da awo. Kafin a datse shi, duk shekara yana sauya launi. Farkon bazara ya yi ƙasa ya yi kore. In Agusta ta kama sai ya ciko, ya taho da jar laka daga kudu, ya cinye matakalar bakin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, har ƙamshin garin ya canja. Makonni yake yi a haka kafin ya dushe. Ni a bakin kogi nake bi in je aiki. Kowace Asabar sai in ɗebi ruwan a kwalbar zuma, in ajiye kusa da fenti, in haɗa har ya yi daidai. Yaron da ya sayi Fanus ranar Alhamis, in ya ɗaga kai daga shafin ya kalli kogi, abu ɗaya zai gani. Ba wanda ya sa ni. Gani na yi Rayyis Gaber ba zai yi tuƙi a ruwan da ba na makon ba.

Jan nan shi ya fi ba inji wahala. Hinnawi yakan ce, "Yarinya, yau ma laka kika kawo mini?" Sai ya tuɓe riga ya yi ta haɗa tawada, ja da rawaya da ɗigon baƙi, yana faɗa da mai maɗaba'a kan ɓata lokaci, har sai ya kara shafin da kwalbata ya ga sun zama ɗaya. A Agustan 1965 na yi ta zuwa bakin ruwa ina jira, kogi bai yi ja ba. Na shafa abin da na gani. Hinnawi ya kalli shafin ya daɗe, ya ce, "Ina lakata?" Na ce ba ta zo ba. Ya ɗauki shafin ya kai inji. Lakar da ka wanke a kwalba, ta cikowar ƙarshe ce, ta 1964. Ba laifinka ba ne, ban gaya maka ba.

Laifin da ke nawa shi ne wannan. Da ka tambaye ni, ban yi maka ƙarya kai tsaye ba, na dai ajiye sunan mamaci a inda na san za ka yi tuntuɓe da shi. Da takardarka ta Fabrairu ta zo na ga ka yi tuntuɓen, na ɗauki alƙalami ya fi sau goma ina ajiyewa. Na ce a raina mamaci ba ya jin zagi. Na manta yana da 'ya. Barcin ƙarfe sha ɗayan nan ma ni na ce a faɗa maka. Da za ka ce aikin ya yi kyau, wataƙila da na amsa shi tun farko. Da na ji kuna dariya, kai da madam ɗinka, sai na ji kunyar in ce nawa ne, na tura wa wanda ba ya iya kare kansa.

Kogin ka yi masa shuɗi ko ruwan hoda, kai ka sani. Amma ka cire sunan Hinnawi daga gabatarwar nan. Wannan kaɗai nake roƙo.

Ni'imat

Berut, 16 ga Mayu, 2003

Goggona,

Ina fatan kina lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa lafiyar ba. Na karanta takardarki a tsaye duk da kin ce in zauna, ban kai ƙarshe ba na nemi kujera.

Na kwashe mujallun na sake jera su, wannan karon bisa wata. Goggo, abin yana nan ɓaro-ɓaro. Duk Agusta ja ya shigo, duk Nuwamba ya fita, shekara takwas a jere, sannan ya ɗauke. Wata takwas ina kallon shafukan nan a kan gilashin kwamfuta, na ƙara musu girma har ina ƙirga ɗigon tawada, ban taɓa duba kwanan watan da ke saman shafi ba. Na yi karatun cikowar Nilu a firamare, na ci jarrabawa a kai. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi rashin sani muni, don na hau jarida da shi ina taƙama. Kwalbar tana gabana, na kwashe alƙaluman, na rasa inda zan sa idona.

Na rubuta wa jaridar neman gafara. Sun buga a ƙasan shafi, kusa da tallan firji, da rubutun da sai an sa tabarau. Zagin kuwa da hotona aka buga shi. Na rubuta wa Hajiya Kausar ma, ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Sunan Usta ya fita daga gabatarwa.

Sauran maganar ta fi wuya. Na je wa Madam Salwa na ce a jefar da launina a buga tsohon. Ta cire tabarau ta ce, "Wagdi, ka sha wani abu ne? Kai ne ka cika mini kunne wata takwas cewa tsohon shara ne. Na yarda da kai, na nuna wa masu shaguna shuɗin, sun so shi. Yanzu in koma in ce musu me? Mun fasa, ga miyar?"

Na ba ta labarin kogi. Ban faɗi sunanki ba, na ce mai launin mace ce kuma tana raye. Ta kunna sigari, ta ce, "Tana raye? To wannan wata magana ce. In matar za ta fito, sunanta a bango, ta rubuta shafi ɗaya da bakinta, ta yi mana launin bangon da hannunta, zan buga tsohon, in ɗaga ranar inji. Amma aikin aljani marar suna ba zan iya sayar da shi ba. In ba ta fito ba, shuɗi za a buga ranar ashirin ga Yuni, da kai ko ba kai."

Haka maganar take, ban ƙara ba ban rage ba. Ni na riga na ce a cire sunana ko wanne aka buga. Ba zan matsa miki ba, ba ni da fuskar matsawa. Na san in kin yarda sai kin zauna da Yaya Mamduh, sai dangi sun ji, sai an taɓa alkawarinki da Kaka. In kin ce a'a, ba wanda zai ji daga bakina har abada.

Na sa miki zanen bangon na baƙi da fari, Rayyis Gaber a tsaye a jirgi, akuya tana cin igiya. Tsofaffin mujallun sun koɗe, kwamfutata ta kasa gano asalin jan. Na gwada sau arba'in, duk miya yake fitowa.

Ki yafe mini, Goggo.

Wagdi

Rod al-Farag, 3 ga Yuni, 2003

Ɗana Wagdi,

Lafiya lau, gwiwa ce dai ta sha hawan bene a makon nan, za ka ji dalili. Kai kuma ka ci abinci, uwarka ta ce muryarka ta canja a waya. Na yafe maka, ai tare muka yi ɓarnar, ni na haƙa ramin kai ka faɗa.

Kwana goma zanen yana kan tebur ina zagaye shi. Sannan na kira Mamduh na gaya masa komai. Na zaci zai ɗaure fuska. Sai ya ce, "Wato shi ya sa wandona na makaranta kullum da fil ake riƙe shi?" Ya yi dariya har hawaye, daga baya na lura dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba. Ya ce duk yarintarsa yana yi wa abokai alfahari da Kawu Adli, ashe abin alfaharin yana kicin yana soya masa ƙwai. Alkawarina da Yaya Adli kuwa, waɗanda muke ɓoye wa duk sun riga mu gidan gaskiya. Na je kabarinsa ranar Juma'a na gaya masa.

Daga nan na tafi gidan Kausar, hawa na biyar. Ta bar ni a tsaye a ƙofa yadda ta tsaya a tawa. Na faɗi abin da na yi, ban sa masa sukari ba. Ta ce, "Neman gafarar ɗanku na gani, kusa da firji." Na ce zan rubuta shafi guda a littafin, da sunana, in faɗi wanda ya yi launin da wanda ya sa inji ya yi masa biyayya. Ta ce, "In na gani a buge, ma yi magana." Ba ta ba ni shayi ba. Ina saukowa ta leƙo ta saman bene ta ce, "Har ya mutu, duk Agusta sai ya je bakin ruwa ya tsaya. Ki sa wannan a shafin naki." Na sa.

Ka gaya wa madam ɗinka na yarda. Shafin yana cikin ambulan ɗin nan. A bango a rubuta Ni'imat Shukri, da sunan mahaifina, ya ga ɗinkin da 'yarsa ta koya. A ƙarƙashi a rubuta Usta Hinnawi Abdul-Al, da harufa masu girman nawa, kar a rage ko kaɗan. Inda launi ya zame ya fita daga layi, ka gyara da kwamfutarka, wannan Hinnawi ma yakan yi tsaki a kansa, kuma ka sa sunanka a ciki a matsayin wanda ya gyara. Kwafin farko ba nawa ba ne. Ka aiko mini, ni zan hau da shi hawa biyar ɗin.

Bangon ma ga shi. Mamduh ya sayo mini fenti, na haɗa sau bakwai. Babu kwalbar da zan kara da ita, babu kogin da zan je in duba, hannu yana rawa, ido ya yi hazo. Ba zan rantse maka cewa shi ne daidai ba. Wanda zai iya cewa na kuskure ya mutu, waɗanda suka rage kuma irina ne, sai dai mu tuna. Na bakwai ɗin da na ɗaga shi a taga, na ji ƙamshin garin na wancan lokaci, shi ya sa na tsaya a kansa.

Za ka ga tabo a gefen wannan takardar ma. Wannan karon ba shayi ba ne, jan ne ya ɗiga. Kar ka wanke.

Goggonka,
Ni'imat Shukri